Daga Degel Zuwa Gudu A Ƙasa: Kwana Shida Bakin Iyaka Cikin Bazara

Kwanan baya ina kakkaɓe akwatin takarduna sai na ci karo da wani ɗan littafin aljihu wanda rana ta ƙone wa bango, gumi kuma ya narkar da rabin tawadarsa. A cikinsa ne na riƙa rubuta zango-zango na wata tafiya da muka yi a ƙasa cikin watan Afrilu na 2004, daidai da tsakiyar Safar na 1425, daga Degel zuwa Gudu. A shekarar nan ne aka yi bikin cikar Daular Usmaniyya shekara 200, zamanin marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo. Ana ta shirin hawan daba da laccoci a Sakkwato, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na karanta labarin hijirar Mujaddadi Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Allah Ya yarda da shi, ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, har na koyar da shi ga yara a aji, amma ƙafata ba ta taɓa taka ko taƙi ɗaya na hanyar ba.

Mu uku muka tashi, na huɗunmu jaki. Akwai ni, ma'aikacin gwamnati da ya ɗauki hutun mako biyu. Akwai ɗan ƙanena, saurayi mai shekara goma sha tara, wanda ya biyo ni domin yana jin ƙarfi a jika. Sa'an nan akwai wani dattijo, tsohon falke, da ya yi ƙuruciyarsa yana kora jakai tsakanin Gwadabawa da ƙasar Adar. Shi ne madugunmu, shi ne kuma mai jakin. Baba muke ce masa. Guzurinmu garin rogo, da ƙuliƙuli, da dabino, da goro, da salka biyu na fatar akuya. Na so in sayi jarkokin roba, Baba ya hana. Ya ce ruwan jarka da hantsi ya zama ruwan wankan jego, salka kuwa tana tsatsafowa iska na bugunta, ruwan cikinta na yin sanyi. Gaskiyarsa.

Ya kamata in faɗi wani abu tun da wuri don kada masana tarihi su riga ni. Shehu bai bar Degel cikin bazara ba. Ya tashi ne a watan Zulƙida na 1218, watau Fabrairu 1804, lokacin da ɗari ke ban kwana. Ni hutuna ne ya faɗo Afrilu, ba ni da zaɓi. Amma fa Jama'a sun zauna a Gudu tun daga wannan lokaci har faɗuwar ruwa, saboda haka zafin da muka sha kwana shida, su sun sha shi wata da watanni, da mata da yara da tsofaffi.

Degel a yau ƙauye ne a ƙasar Gwadabawa, kusa da Cimmola. Wanda bai san labari ba zai wuce ta bai waiwaya ba. A nan ne Shehu ya zauna yana karantarwa har almajirai suka yi ta kwararowa daga ko'ina, a nan ne kuma al'amari ya ɓaci tsakaninsa da sarakunan Gobir. Nafata ya riga ya kafa dokar hana wa'azi ga kowa sai Shehu, da hana maza naɗa rawani, da hana mata lulluɓi. Da Yunfa ya hau, aka kai hari Gimbana wajen mutanen Malam Abdussalami, aka biyo da kamammu ta kusa da Degel, mutanen Shehu suka kwance su. Yunfa ya aiko cewa Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai ya bar sauran. Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa, ya zaɓi su fita gaba ɗaya. Muka yi ziyara a maƙabarta, muka yi addu'a, muka kwana.

Da sauran dare Baba ya tashe mu. Farin wata ne ƙal, har mutum na iya ganin sawun jakin a rairayi. Dokarsa ita ce a kama hanya tun kafin assalatu, a tsaya a yi Asuba inda ta riske mu, a ci gaba har hantsi ya ɗaga. Daga nan sai gindin itace, ba motsi sai bayan La'asar, sa'an nan a ƙara ɗan taƙi zuwa Magariba. Itacen da ake nema gawo ne, domin shi kaɗai ne Allah Ya juya wa lokaci: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani. In ba a sami gawo ba a fake a aduwa, ko da yake inuwarta ba ta da kauri, ƙayarta kuma ba ta san takalmi ba. Sabara da geza da tumfafiya kuwa sai dai akuya.

Tun a ranar farko maganar kasaru ta taso. Yaron nan ya ce shi bai ga dalilin rage salla ba tun da ba mu bar ƙasar Sakkwato ba. Na tuna masa abin da ya karanta a Risala, cewa ma'aunin tafiyar kasaru a mazhabar Imamu Malik barida huɗu ne, watau mil 48, kimanin kilomita 80, kuma niyyar tafiyar ake dubawa tun daga fita, ba sunan lardi ba. Hanyar da muka ɗauka ta haura haka. Muka riƙa yin Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu. Na sha yin kasaru a cikin tafiyar mota, ina jin kamar ana yi mini kyautar da ban yi wa aiki ba. Ranar nan da na ɗago daga sujada goshina na raɗaɗi saboda zafin ƙasa, na san wa aka yi wa rangwamen.

Wanda ya dubi taswira zai ga Gudu tana yamma da Degel. Amma hanyar hijira, kamar yadda Nana Asma'u 'yar Shehu ta jera zangunanta a Waƙar Gewaye, arewa ta fara nufa zuwa Kalmalo, sa'an nan ta karya yamma ta Ruwa Wuri kafin ta faɗa Gudu. Ita Nana tana yarinya 'yar kimanin shekara goma aka yi tafiyar da ita. Shekaru ina mamakin wannan zagaye. Ranar Lahadi da hantsi, da muka hango kore daga nesa, jakin ya miƙe kunne ya ƙara sauri ba wanda ya taɓa shi, sai mamakin ya kau. Kalmalo tafki ne. A ganina, wanda ke tafe da taron mutane da dabbobi ba ya tambayar wace hanya ce gajeriya, wadda ke da ruwa yake tambaya. Mun tarar ruwan ya janye ƙwarai, ya bar laka ta tsattsage, masu lambu na bin sa da albasa da tattasai. Duk da haka muka zube a bakinsa kamar waɗanda suka ga Kogin Kwara.

Daga Kalmalo zuwa Illela ba nisa, ranar kuwa kasuwa ke ci, saboda haka muka bar jakin wurin wani mai lambu muka leƙa. 'Yan kasuwa masu karatu sun fi ni sanin Illela: raƙuma da shanu da tumakin Uda daga arewa, hatsi da kayan masarufi daga kudu, 'yan canji zaune da naira a hannun dama, sefa a hannun hagu. Ɗan ƙanena ya rikice da lissafin mutanen ƙetare, inda dala take sefa biyar, in aka ce dala ashirin ana nufin ɗari, jaka kuma dubu. Tsallaken iyaka kaɗan Birnin Ƙonni ce, wadda rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta yi wa kisan gilla a 1899. Gabas da ita akwai Galmi mai albasa, kusa da Galmi kuwa akwai Maratta, inda aka haifi Shehu a 1754. Watau mahaifar Mujaddadi tana Jamhuriyar Nijar, kabarinsa yana Nijeriya, shi kuwa bai taɓa jin ɗaya daga cikin sunayen nan biyu ba.

Bari in ɗan dakata a kan ita iyakar, domin labarinta ya yi daidai da abin da tafki ya nuna mini. A yarjejeniyar 1898 Ingila da Faransa sun dasa ƙafar kamfas a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, suka ce abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka zo bin rabonsu daga Kogin Kwara zuwa Damagaram, sai suka tarar an bar su da hamada, rijiyoyin duk sun faɗa wancan gefe. Suka yi ta ƙorafi har aka sake zama a 1904, aka kuma gyara a 1906, aka turo layin kudu, Ƙonni ta koma hannunsu. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamomi 148 daga Kwara har Tafkin Chadi. To, ga shi nan: manyan dauloli biyu na duniya, da jiragen ruwansu da igwoginsu, guga da igiya suka sa su sake zane.

Litinin muka juya yamma. Daga nan ƙasar ta sake. Jigawa ce da fako, ƙauyuka sun yi nisa da juna, gonakin gero an share su an ƙone kututture ana jiran ruwa. Karangiya ta cika mana ƙafar wando. A wannan lokaci na shekara ma'aunin zafi kan wuce digiri 40 a ƙasar Sakkwato, amma lamba ba ta gaya wa mutum yadda iskar ke fitowa kamar daga bakin maƙera, ko yadda kawalwalniya ke shimfiɗa tafki a gabansa yana matsawa tana matsawa. Guguwa kan tashi can cikin fili ta yi ta juyi ita kaɗai, Baba na ta'awwuzi har ta wuce.

Ranar Talata na yi kuskuren da har yanzu in na tuna nake jin kunya. Hantsi ya yi, Baba ya nuna wani gawo ya ce a sauka. Ni kuwa na duba taswirata ta ofis, na ga an rubuta rijiya a gaba kaɗan, na ce mu daure mu ƙarasa. Ya ce, "Malam, takarda ba ta shan ruwa." Na nace, zama ni ne mai biyan kuɗin jaki, ya yi shiru ya bi ni. Muka isa rana na tsaka, muka tarar da rijiyar ta rufta tun ba a san shekarar ba, sai rami da kashin awaki. Salka ɗaya ta riga ta ƙare, ɗayar saura abin da bai fi kwanon sha uku ba. Babu inuwa sai wata aduwa guda. Muka kwanta ƙarƙashinta, muka rataya bargon jaki a kan reshe.

Da Azahar ta yi na ɗauki buta zan tsiyayi ruwan alwala. Baba ya riƙe bakin salkar. Ya ce, "Malam, kai ka karantar, amma yau ni ka gaya maka. Ruwan ga na yaron ga ne da dabbar ga. Ga ƙasa nan, Allah Ya yi ta mai tsarki." Na san hukuncin sarai, na sha faɗa wa ɗalibai cewa wanda ya ji tsoron ƙishirwa ga kansa, ko ga abokin tafiyarsa, ko ga dabbarsa, taimama zai yi ya bar ruwan. Ashe sanin yana kaina ne kawai, hannuna bai sani ba. Na ajiye butar, na bugi ƙasa.

Kafin La'asar yaron ya fara magana ba kan gado. Jikinsa ya yi zafi rau, gumi ya ɗauke, ya ce kansa na sarawa. Wannan ita ce alamar da ake tsoro. Baba ya cire rawaninsa ya jiƙa da rabin abin da ya rage, ya naɗe masa kai da wuya, ya riƙa ɗiga masa sauran a baki kaɗan-kaɗan, ni kuma ina yi masa fifita da taswirar da ta jawo mana wannan. Ban san iyakar abin da na karanta ba a wannan yini. Abin da ke zuciyata shi ne da wace fuska zan dubi ƙanena. Da rana ta yi sanyi muka ɗora shi a kan jaki, Baba ya dubi ƙasa ya ga sawun shanu sun nufi arewa, ya ce mu bi su, domin saniya ba ta yin ƙarya da maraice.

Ana gab da Magariba muka ji ƙugin igiya a bakin itace. Rijiya ce mai zurfin gaske, raƙumi ke jan wasaki, yaro na kora shi har ya yi nisa kafin gugan ya fito. Buzaye da Fulani na shayar da dabbobi bi da bi. Wata tsohuwa ta dube mu sau ɗaya, ba ta tambayi ko mu su wane ne ba, ta tsayar da layin, ta sa aka juye wasaki guda a kan yaron, sa'an nan ta dama fura da nono a ƙwarya ta ce a ba shi da ludayi, kada ya kwankwaɗa. Sai da ya buɗe ido ya ce, "Sannu Inna," tukuna ta juyo kaina. Ta ce, "Kai ne ubansa?" Na ce ƙanen ubansa ke bi na. Ta ce, "To, mi kuka biɗa cikin wagga rana?" Na ce hanyar Shehu muke bi. Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Shehu da hankali ya bi ta." Na ciro kuɗi, ta kawar da kai. Goro kaɗai ta karɓa.

A bakin rijiyar nan ne wani saurayi ya tambaye ni ƙarfe nawa, na faɗa masa, muka shiga hira, ya ambaci mai garinsu da kantonsu. Nan na gane mun kwana biyu muna taka iyaka, yanzu kuma muna cikin Nijar. Ba mu ga turke ba, ba mu ga tuta ba. Da safe wani jandarma ya biyo a kan babur, ya duba katin shaidata, ya ji labarinmu, ya yi dariya ya ce mu gai da mutanen Gudu. Lokacin nan yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta zirga-zirgar jama'a tana aiki tsakanin ƙasashen biyu. Muka huta yini guda cur a rugar, muka koma kudu da yamma, muka kwana Ruwa Wuri a ƙasar Tangaza.

A daren nan na kasa barci, ina ta lissafin waɗanda suka bi hanyar a 1804. Mu maza uku ne da salka biyu, ga kasuwa a baya, ga kwalta in abin ya ƙi, amma dubi yadda muka yi. Su kuwa garin mutane ne ɗungum, da goyo da masu ciki, dawakin Gobir na iya biyo sawunsu kowane lokaci. Cikin kayan da suka ɗauka har da littattafan Shehu, waɗanda Agali, wani malami Buzu, ya taimaka da raƙuma aka ɗora, Aliyu Jeɗo kuma yana cikin waɗanda suka zo taimakon ƙaurar. Na yi ta tunanin raƙumin da aka ɗora wa takardu a hanyar da kowane raƙumi zai iya ɗaukar salka takwas. Wani ya yanke wannan shawara, saura kuma suka yarda.

Ranar Alhamis bayan La'asar muka shiga Gudu. Ba ta da ganuwa ko soro da za su tsayar da baƙo. Dattawan garin suka karɓe mu, suka kai mu wurin da suka gada cewa a nan aka yi mubaya'a a gindin faru, inda Jama'a suka naɗa Shehu Amirul Muminina. Malam Abdullahi ƙanensa ya fara miƙa hannu, sa'an nan Muhammadu Bello, sa'an nan Umaru Alkammu. Daga wannan wuri sarautar Sarkin Musulmi ta faro. A watan Yuni na 1804 Yunfa ya iso da rundunarsa, aka gamu a Tafkin Kwatto, Malam Abdullahi na jagorantar mutanen da yawancinsu 'yan baka ne, dawakinsu ba su taka kara sun karya ba, Allah Ya ba su nasara. Ko wannan yaƙi ma sunan ruwa yake ɗauke da shi. Bayan nasarar ƙarancin abinci ya tashe su daga Gudu zuwa Magabci, ba a ci Alƙalawa ba sai 1808, Bello kuma ya kafa Sakkwato a 1809.

Waɗansu abokai da suka ji wannan labari sun ce in raka su mu sake bi. Ba zan raka su ba, ina kuma roƙon kada wani ya karanta wannan ya ɗauki sanda. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. Wannan duk mai sauƙi ne, domin rufe ƙofar kwastan bai taɓa hana saniya zuwa rijiya ba. Abin da ya fi shi ne, a Nuwamba 2024 hukumomin tsaro suka fito fili suka ambaci 'yan bindigar da ake kira Lakurawa, waɗanda suka yi sansani a dazuzzukan Tangaza da Gudu, suna karɓar dabbobin talakawa da sunan zakka. Dajin da tsohuwa ta tsayar da layin shanu domin ɗan wani, nan ne baƙo ya zama abin tsoro, mai gida kuma ya zama abin tausayi.

Ranar Juma'a bayan an sauko muka sami wata akori-kura mai zuwa Sakkwato ta Balle da Tangaza. Baba ya ƙi shiga, ya ce ba a ɗora jakinsa a mota yana raye. Ya cika salkunansa biyu, ya karɓi sallamarsa, ya ce zai bi ta rugar nan ya kai wa tsohuwar turmin atamfa da na saya mata. Mu muka isa gida kafin Lisha. Shi sai bayan kwana tara saƙonsa ya zo ta bakin wani direban Gwadabawa, cewa ya sauka lafiya, atamfa ta isa, rugar kuma ta tashi ta yi arewa washegari, domin an ga walƙiya ta gabas.